Nasiha Kan Sanin Nasaba da Rarrabe Dangi Masu Suna Ɗaya

Assalamu alaikum wa rahmatullah, 'yan'uwa maza da mata.

Imamu Tirmizi ya ruwaito daga Abu Huraira, Allah Ya ƙara masa yarda, cewa Manzon Allah (SAW) ya umarce mu da mu koyi abin da za mu sada zumunci da shi daga nasabarmu, domin sada zumunci yana jawo soyayya a cikin dangi, da yalwar dukiya, da tsawon kwana. Wannan umarni ya fi nauyi a kanmu saboda yadda muke raɗa suna. Gida ɗaya sai a sami Muhammadu biyar, kowanne an mayar masa da sunan kaka, sannan alkunya ta hana iyaye ambaton sunan, sai a riƙa cewa Abba ko Baffa ko Ummi, har yaro ya girma maƙwabta ba su san sunansa na yanka ba. Iyayenmu sun san wannan matsala, shi ya sa suka jera Auwalu, Sani, Salisu, Rabi'u da Hamisu. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo kansa yana da Muhammadu Sa'adu da Muhammadu Sambo da Muhammadu Bello da Muhammadu Buhari, kuma a cikin 'ya'yan Bello da suka zama Sarkin Musulmi akwai Aliyu Babba da Aliyu Ƙarami. Laƙabin ne ya sa tarihi bai cakuɗa su ba.

Tantancewa tana da asali a Sunna. A cikin Sahihul Buhari, wata mata ta nemi izinin shiga wurin Annabi (SAW), aka ce masa Zainab ce, sai ya tambaya wacce daga cikin Zainabobin, aka ce matar Ibnu Mas'ud, sannan ya yi izini. Malaman hadisi sun mayar da wannan fanni guda, har Haɗibul Bagadadi, wanda ya rasu a shekara ta 463 bayan Hijira, ya wallafa littafi sukutum kan maruwaitan da sunayensu da na ubanninsu suka yi daidai alhali mutane ne daban. Sun yi wannan wahala ne saboda tsoron kada a jingina wa wani maganar da ba tasa ba.

To, mu kuma haƙƙoƙi ne suke rataye da wannan sani. A rabon gado, shaƙiƙi da wanda aka haɗa uba kawai da wanda aka haɗa uwa kawai ba hukuncinsu ɗaya ba, kuma idan takardar gona ta ce ta Malam Muhammadu ce, alhali akwai kaka da jika da ƙanen uba duk masu wannan suna, shekaru kaɗan bayan rasuwar dattawa sai ka ga 'yan'uwa a gaban alƙali, kowa yana rantsuwa da gaskiyarsa. Waliccin aure ma yana bin kusanci ta wajen uba. Haka nan ɗan riƙo: a riƙe shi da amana, amma a kira shi da sunan mahaifinsa kamar yadda aya ta 5 a Suratul Ahzab ta yi umarni, ayar da ta sa aka daina kiran Zaidu ɗan Harisa da Zaidu ɗan Muhammadu. Ina jan hankalin masu cike takardun makaranta da na katin ɗan ƙasa, waɗanda suke sanya wa yaro sunan wan uba ko kawu don sauƙi, su sani cewa abin da aka rubuta yau shi jikoki za su ɗauka gaskiya.

Shayarwa ita ce ta fi ba ni tsoro, domin ba a rubuta ta a ko'ina. Sahabin nan Uƙbatu ɗan Harisu ya rabu da matarsa bayan wata mata ta zo ta ce ta shayar da su duka biyun. Idan aka ce Goggo ta shayar da A'isha, kuma A'isha uku ce a gidan, dole ne a san wacce tun kafin a kai kuɗin aure.

Saboda haka ku je wurin tsofaffinku tun suna raye, da littafi da alƙalami, ko ku naɗi muryarsu a waya. Ku rubuta sunan yanka da laƙabi, da sunan uba da kaka, da sunan uwa da ɗakin da mutum ya fito, da garin da aka zauna. Inda bayani ya tsaya ku tsaya, kada son sharifta ko sarauta ya sa ku ƙara kakan da ba ku da hujja a kansa, domin Buhari da Muslim sun ruwaito cewa wanda ya jingina kansa ga wanda ba ubansa ba yana sane, Aljanna ta haramta gare shi. Ku fara da kakanni mata da gwaggwanni, don su ne suka san wanda ya sha nonon wa, kuma ku bai wa kowane ɗaki kwafin abin da kuka rubuta.