Na'urar Yatsa Ma Ta Koyi Wariya

Wannan 'yar na'urar da ake maƙala wa mara lafiya a yatsa don auna iskar oksijin a jini tana ba baƙar fata haushi, kuma da dalili. Haske biyu take harbawa ta cikin yatsa, ja mai nanomita 660 (ma'aunin tsawon zangon haske) da wanda ido ba ya gani mai 940, sai ta lissafa abin da jini ya shanye. To ai launin fata ma yana shan haske! Sai a kan mai duhun fata ta kan nuna lamba sama da gaskiya.

A 2020 masu bincike a Jami'ar Michigan suka kwatanta lambar da take nunawa da awon oksijin na jinin da aka ɗiba daga jijiya. Na'ura na cewa oksijin na kan kashi 92 zuwa 96 cikin ɗari, alhali a jini ya faɗi ƙasa da 88: hakan ya faru kusan kashi 12 cikin ɗari a baƙaƙe, ƙasa da kashi 4 a farare.

Wai ƙa'idar Amurka ta 2013 mutum biyu masu duhun fata kawai ta nema a gwajin na'urar, ko kashi 15 cikin ɗari na waɗanda aka gwada. Biyu fa! Mutum na haki, ana kallon lamba ana ce masa da sauƙi.