Me ya sa manoman Jawa ba sa barin Dutsen Merapi?

Na gaji da jin ana cewa taurin kai ko camfi ne ya zaunar da ƙauyawa a gindin Dutsen Merapi, a tsibirin Jawa na Indonesiya. Masu faɗin haka suna da hujja, domin aman wutar 2010 ya kashe mutum fiye da 300.

Amma tokar dutsen ita ce takin ƙasarsu. Mai 'yar ƙaramar gona a yankin Sleman da ke gindin dutsen yana samun kayan lambu da ciyawar shanun madara, ya kuma haƙi yashin gini a kogi ya sayar. A birni me zai ci? Kuma hukuma na sa ido kan dutsen. In ta yi gargaɗi, akasarinsu sukan sauka sansani sai ƙura ta lafa.