Yadda "had" ta kusa raba ni da aikina

Ranar Litinin Oga ya aike ni filin jirgi in ɗauko wani baƙo daga Legas. Jirginsa ƙarfe tara zai sauka. Ni kuwa tara a layin mai ta same ni, goma ta riske ni a cunkoson Fagge. Ina isa aka ce bawan Allah ya gaji da jira, ya hau tasi ya yi gaba.

Oga ba ya son saƙon aiki da Hausa, don haka na zauna a mota na tsara nawa: "When I arrived, the visitor left." Na karanta sau biyu, na jinjina wa kaina. Ai ina da kiredit a Turanci, ko da yake sai a zama na biyu WAEC ta sakar min shi.

Ko minti biyu ba a yi ba waya ta yi ƙara.

"Me ka yi masa?"

"Ranka ya daɗe, ko ƙeyarsa ban gani ba."

"To ya za a yi kana zuwa ya tafi? Zaginsa ka yi, ko wankan ne ba ka yi ba?"

Na koma ofis jiki a sanyaye. Wata 'yar bautar ƙasa da ke wurinmu ta karɓi wayar, ta yi dariyarta mai isarta, sannan ta ce, "Malam, abu biyu ne suka faru a baya. In ka ce 'left' kawai, mai karatu zai jera su yadda ka kawo su: ka iso, shi kuma ya tashi ya tafi. In tafiyarsa ce ta fara, sai ka ce 'had left'. Wannan 'had' ɗin ita ce 'riga' tamu. Ya riga ya tafi."

Riga! Shekara shida na yi a sakandare ina haddar "past perfect" kamar sunan magani, ashe abin yana bakina tun ina yaye.

Daga nan na kamu da son "had", na riƙa barbaɗa ta kamar magi a miya. Talata na rubuta "Yesterday I had bought fuel", ta ce, "Ka riga ka saya kafin me?" Na rasa amsa, ta goge ta bar "bought". Laraba na kawo "I had went", ta dafe kai, wai "had" ba ta zama da "went", da "gone" aka ɗaura musu aure.

Juma'a Oga ya sake aike ni ɗauko wani baƙon. Wannan karon taya ce ta yi faci. Na rubuta a tsanake, ba kuskure ko ɗaya: "When I arrived, the visitor had left."

Amsa ta zo da Hausa: "Madalla, Turancinka ya gyaru. Biyo ta ofis ka karɓi takardar tuhuma."