Shafi 32 babu su a littafina, kuma wai ni ce na makara

Mako uku na yi ina bin littafin nan dare da rana, shafi 864, sai da na kusa tsakiyarsa, daidai inda labari ya ɗauki zafi, sannan na gano littafi mai giɓi aka sayar mini. Na gama shafi na 416 na juya, maimakon 417 sai ga 385 ya dawo. Na ɗauka idona ne, na goge tabarau na sake dubawa. Shafukan da na karanta jiya ne aka sake mannawa, suka tafi har 416 karo na biyu, daga nan aka yi tsalle zuwa 449. Shafi 32 cur babu su.

Ku ji kuma inda aka yanke ni. Labarin wata budurwa ce 'yar zamaninmu da ta tsinci kanta a ƙarni na 18, ta kamu da son wani mutumin can. A shafi na 416 agana ta kwantar da shi. Wanda ya san tarihin cutar nan zai gane abin da ya sa hannuna ke rawa. Edward Jenner, likitan Ingila da ya samo rigakafin agana, bai gwada shi ba sai 1796, bayan lokacin da labarin ke gudana. Agana mai tsanani tana kashe kusan mutum uku cikin goma da ta kama. Ita kuma yarinyar bayan 1980 aka haife ta, shekarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa an kawar da cutar, saboda haka ko rigakafin ba a taɓa yi mata ba. Ga ta tsaye a bakin ƙofar ɗakinsa, hannunta a kan sakata, ko ta shiga ta yi jinyarsa ko ta koma zamaninta da ranta. A nan takarda ta yanke. Shafi na 449 kuwa ya buɗe ne da mutane suna dawowa daga jana'iza, ban ma san ta wane ne ba.

A daren na rubuta wa kantin da na saya ta intanet, na haɗa da rasit da hoton shafukan biyu gefe da gefe. Kwana huɗu shiru. Da amsa ta zo, layi biyu ce: wa'adin mayar da kaya kwana 14 ne, kuma ya wuce. Haba jama'a! Wane ne yake sayen littafi mai shafi 864 ya zauna yana ƙirga lambobin shafi ɗaya bayan ɗaya kafin ya fara karatu? Bangon lafiya lau, gam ya kama, kaurin littafin daidai yake tunda shafi 32 aka cire aka cusa wasu 32. Aibin a ɓoye yake a ciki, ba yadda za a yi mai karatu ya gan shi sai ya isa wurin. Dokar kwana 14 ta dace da wanda ya sayi kaya ya canza ra'ayi. Ni ban canza ra'ayi ba, littafin nake so, cikakkensa.

Kuma sun fi ni sanin daga ina matsalar take. A maɗaba'a ba shafi ɗaiɗai ake bugawa ba. Babbar takarda ake bugawa a ninke ta, ta zama ƙunshi mai shafi 16 ko 32, sannan inji ya jera ƙunshin bi da bi kafin a ɗinke ko a sa gam. Idan injin ya ɗauko ƙunshi na 13 sau biyu ya tsallake na 14, abin da ke hannuna ke nan. Na yi musu wannan bayanin dalla-dalla, suka ce in tuntuɓi kamfanin da ya wallafa. Kamfanin ya ce in koma inda na saya. Kowa ya yi kunnen uwar shegu da ni.

Da tura ta kai bango na nemi taimakon wasu da suka karanta littafin, ko wani zai ɗauko mini hoton shafukan. A nan raina ya ƙara ɓaci. Wata ta ce dama littafin ya cika tsawo, marubuciyar ta faye bayanin tufafi da hanyoyin doki, in tsallake kawai ba abin da zan rasa. Ba abin da zan rasa? Tsawon nan shi ne ya sa na san mutanen nan kamar 'yan uwana, shi ya sa rashin lafiyarsa ta hana ni barci. Wani kuma, tun kafin in rufe baki, ya faɗa mini wanda ya mutu da yadda ya mutu, har da kalmar ƙarshe da ya furta. Abin da marubuciya ta yi shafi ɗari huɗu tana ginawa, ya rushe mini shi a jimla ɗaya. Wallahi sai da na yi hawaye, don ba zan ƙara samun damar karanta wurin nan ban san abin da ke tafe ba.

Littafin yana nan kan tebur, alamar karatuna a maƙale a 416, ban ƙara ko shafi ɗaya ba. Yau da safe na aika musu saƙo na biyar. Na ce ba rangwame nake nema ba, ba kuma ban haƙuri ba. Su karɓi nasu mai giɓi su aiko mini da wanda ke da shafi na 417 zuwa 448, kuma kafin su naɗe shi wani a cikinsu ya buɗe ya duba.