Ciwon sanyin da ba ya nuna kansa: a daina yi wa mace magani ita kaɗai

A Damagaram, idan aure ya kai shekara uku ba a yi suna ba, kowa ya san wadda za a zuba wa ido. Uwar miji ta fara habaici, a karɓo rubutu, a jiƙa sassaƙe, daga ƙarshe dangi su ce wa yaronsu ya ƙara aure. Da wuya ka ji an tambaya ko wata cuta ce ta daɗe zaune a gidan ba a san da ita ba. Kilamidiya tana cikin irin waɗannan cututtuka, kuma a ganina yadda ake maganinta a wurinmu, a ba mace ƙwayoyi a ƙyale mijinta, asarar kuɗi ce kawai.

Ƙwayar bakteriya ce da ake ɗauka ta hanyar saduwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 an samu sabon kamuwa kusan miliyan 129 tsakanin masu shekara 15 zuwa 49. Muguntarta a shirunta take: mata kusan bakwai cikin goma da ke ɗauke da ita ba sa jin komai, maza kuma kusan rabi. Masu ganin alama su ne ke zuwa da kukan zafin fitsari, ko ruwa mai fita ta gaba, ko ciwon mara, ko ɗigon jini bayan saduwa. Duk a kan haɗa su a ce ciwon sanyi ne, a ɗora wa masai laifi. Kilamidiya dai ba a ɗaukarta a masai.

Tana fara zama a bakin mahaifa. Idan ba a kashe ta ba, a wasu matan sai ta haura zuwa mahaifa da bututun da ƙwai ke bi, ta sa kumburi. Kumburin ya warke ya bar tabo, tabon ya toshe hanya. In ya toshe ta ruf, ciki ba zai shiga ba. In ya rage ƴar ƙofa, ciki kan iya tsayawa a cikin bututun ya yi ta girma har ya fasa shi. Irin wannan ce ake ɗaukowa da dare daga ƙauyukan Mirriya ko Magarya, jini na zuba a cikin cikinta, sai an yi mata aiki da gaggawa. Jariri ma kan kwashi ƙwayar wajen haihuwa: ido ya kumbura yana ruwa cikin mako biyun farko, ko ciwon huhu ya biyo baya kafin ya cika wata uku. Namiji kuma takan kumbura masa maraina.

Mu a nan mun san ƴar'uwarta. Wani jinsi na wannan ƙwayar ne ke kawo ciwon idon nan da ke juya gashin ido ciki yana gogar ƙwayar ido har mutum ya makance, wanda saboda shi aka yi shekaru ana bin garuruwan jihar Damagaram, irin su Matamaye, ana raba azitromisin gida-gida. Wancan ƙuda da hannu da tsumma ke yaɗa shi, ba ruwansa da shimfiɗar aure. Na kawo shi ne don a tuna cewa da aka so murƙushe shi ba a tsaya kan mai ciwon kaɗai ba, gari guda aka ba magani.

Maganin kilamidiya ba shi da wuya. Doksisikilin miligiram 100, safe da yamma, kwana 7. Mai ciki ba ta shan wannan, azitromisin giram 1 ake ba ta sau ɗaya. A sha doksisikilin da ruwa sosai, kada a kwanta nan take, a kuma bar tazara tsakaninsa da fura da nono. A ƙaurace wa juna kwana 7, a sake dubawa bayan wata 3. Abin da magani ba ya yi shi ne goge tabon da ya riga ya zauna. Ba ya kuma hana a sake kamuwa.

To, a nan gizo yake saƙa. Mace ta je likita, aka rubuta mata magani, aka ce ta turo maigida. Ta koma gida ta yi ta kewaye-kewaye, da ƙyar ta ce, "Malam, sun ce kai ma ka je." Shi kuma ya ce, "Ni lafiyata ƙalau, ke ce mai ciwo." Gaskiyarsa ce ta wani ɓangare, ba ya jin komai. Ta shanye ƙwayoyinta, ranar girkinta ta zagayo, cutar ta dawo sabuwa fil. Kowace dawowa kuwa tana ƙara wa bututun nan tabo. A ƙasar da fiye da kashi ɗaya cikin uku na matan aure ke zaune da kishiya, yi wa mace ɗaya magani a gidan mata uku bai taɓa komai ba. Maigida da uwargida da amarya, duk sai sun sha a mako guda.

Na san abin da za a ce: wannan magana za ta kashe aure, don kowa zai tambayi wa ya kawo. Tsoron yana da tushe, musamman inda maza ke tafiya ci-rani Kano ko Libiya ko Aljeriya su daɗe. Sai dai ƙwayar tana iya yin shekara ko fiye a jiki shiru. Bazawara kan shigo da ita daga gidan tsohon mijinta, namiji kan ɗauko ta wurin matar da ya saka tuntuni, duk ta hanyar halal. Babu gwajin da ke nuna wanda ya fara. Ma'aikacin lafiyar da ya iya bakinsa zai faɗa wa maigida haka ƙarara, ba a gaban jama'a ba, ba kuma ta bakin matarsa ba. Takarda ce ta kamata ta fito daga likita da sunan gayyata, don ɗora wa mace wannan saƙo zalunci ne. Malamai masu wa'azi a gidajen rediyon garin nan, da suka iya bayanin hukuncin haila dalla-dalla, ba za su gaza faɗin cewa neman magani tare da iyali haƙƙin aure ne ba.

Sauran gyaran na hukuma ne. A yawancin cibiyoyin lafiyarmu da alamu ake aiki: a ji kukan mutum a ba shi maganin cututtukan da suka fi kama da shi. Ga namiji mai fitar da ruwa tsarin yana aiki daidai gwargwado. Ga mata kuwa yana kuskure ta fuska biyu. Da yawa masu zubar ruwa ƙaiƙayin gaba ne ko rikicewar ƙwayoyin jikinsu, ba daga namiji ba, sai a ɗura musu maganin da ba sa buƙata har da zargi. Masu kilamidiyar gaske kuma suna gida, tunda ba abin da ke damunsu. Mai tallar magani a faranti cikin kasuwar Dole ya ƙara dagula lissafin, yana sayar da kafso biyu ko uku gwargwadon kuɗin hannun mutum.

Gwaji na sosai da fitsari ake yi, ko da ɗan auduga da mace za ta iya ɗauka da kanta. Ingila ta kafa shirin gwada matasa tun 2003, Amurka na ba da shawarar gwada mata ƴan ƙasa da shekara 25 masu saduwa duk shekara. Ba na cewa mu kwaikwaye su baki ɗaya, aljihunmu bai kai ba. Amma na'urar GeneXpert da ake gwajin tarin fuka da ita a ƙasar nan tana gwada kilamidiya da ƴar tafiyarta gonoriya cikin kusan minti 90, in an sayo kayan gwajin. Tun 2006 gwamnati ta ayyana awon ciki kyauta, mata kuma suna zuwa. A fara da su, da matan da suka zo neman haihuwa, da waɗanda sanyinsu ke ta dawowa. Duk wadda aka samu da ita, a ba ta nata maganin, a rubuta na mijinta da na abokan zamanta a rana guda.