Ku daina auna makarantu da aljihun iyaye

Wallahi na gaji da jadawalin nan da ake fitarwa duk shekara, wai ga sakandaren gwamnati ta ɗaya, ga ta kashin baya. A jera sunaye, a manna wa kowace kason waɗanda suka ci jarrabawa, shi ke nan an gama aiki. Mu kuma iyaye hankalinmu ya tashi, kowa na fafutukar cusa ɗansa a ta sama.

To, wa ya tambayi 'ya'yan su wa ke zaune a azuzuwan? Wannan tana unguwar masu hali, yaro ya koma gida ya tarar da abinci da fitila da malamin da ake biya yana jiransa. Waccan kuwa yaro ke shigo mata aji ɗaya ko haɗa baƙi bai iya ba, da an tashi ya wuce neman abin sawa a baka. Malamar da ta yi ta fama da shi har ya cika shafi guda da hannunsa, ita jadawali ke nuna wa yatsa. An bar jaki ana dukan taiki!

Kuma ba yau aka san haka ba. Tun 1966 binciken James Coleman a Amurka, wanda ya shafi ɗalibai sama da 600,000, ya nuna halin gidan da yaro ya fito ya fi kayan aikin makaranta tasiri a kan sakamakonsa. Masu fitar da jadawalin ba su karanta ba ne, ko sauƙin aiki suke nema?

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne yadda ake gyara alƙaluman. Ɗan ƙanwata na dab da ajin ƙarshe aka kira ubansa ofis, aka ce, "Baba, ka yi haƙuri, gara ka nema masa wata makarantar." Laifinsa kawai yana da rauni a lissafi, za a ce ya ja su ƙasa. An kore shi cikin ladabi, kason makaranta ya hau, aka tafa musu. Inda matsin ya yi yawa ma abin ya wuce kora: a birnin Atlanta na Amurka, a 2015, kotu ta sami malamai da jami'an ilimi 11 da laifi kan canza amsoshin yara.

Ko an buga bayanin irin ɗaliban ma, sai ya zama taswirar gudu. Masu hali su kwashe nasu daga inda 'ya'yan talakawa suka yi yawa, ƙwararrun malamai su nemi canjin wurin aiki, baɗi makarantar ta ƙara nutsewa.

Ai akwai hanya. Ingila a 2016 ta fara auna ci gaban da ɗalibi ya samu daga ƙarshen firamare zuwa shekara 16, a darussa takwas. Tana da nata gyaran, amma ta fi wannan lalacin nesa ba kusa ba. In za ku kwatanta, ku faɗa mana yara nawa suka shiga aji ɗaya, nawa suka kai ga jarrabawa, sauran ina suka tafi. Ku faɗa mana yara nawa ne a aji, kuma tun yaushe rabon waccan makarantar da malamin lissafi.