Kafin ka biya kuɗin leza don barin sigari, ka saurare ni

Shekaranjiya da dare ƙanin wani aminina da ke zaune a Ingila ya turo mini hoton wata talla. Wani shago ne a garinsu ke cewa zai raba mutum da taba sigari a zama ɗaya, ba allura, ba ƙwaya, hasken leza kawai za a haska maka a kunne da gefen hanci da wuyan hannu, ka tashi ka tafi abinka. A ƙasan hoton ya rubuta: "Yaya, kai da ka bari, me ka gani? In biya?" Yaron nan shekararsa goma yana sha, matarsa ta haihu watan jiya, ya gaji da fita cikin sanyi don kada hayaƙi ya taɓa jaririyar. Na ba shi amsa a gajarce, amma tun daren abin yake cin raina.

Shekara 14 na yi ina shan sigari, kwali guda a rana, kuma yau shekara shida ke nan rabona da ita. Na san halin da mutum ke shiga idan ya tsani abin da ke hannunsa amma ya kasa yarwa. A wannan hali ko ruwan kwata aka ce magani ne, sai ka tsaya ka saurara. Saboda haka ban ga laifin wanda tallar ta ja ba. Laifin na wanda ke sayar da tabbacin da ba shi da shi ne.

Shi dai wannan haske mai rauni ba sabon abu ba ne. A 1967 wani likita ɗan ƙasar Hungary, Endre Mester, ya lura gashin ɓerayen da ya aske ya fi saurin tsirowa idan an haska musu shi. Maganar kunne kuma daga wani likitan Faransa ta fito, Paul Nogier na birnin Lyon, wanda a shekarun 1950 ya ce akwai wurare a kunne da ke da alaƙa da sassan jiki, ya ɗora a kan tsarin Sinawa na tsira siraran allurai. Masu leza sun haɗa biyun ne: suka ajiye allura, suka ɗauki haske, suka ce yana sa jiki ya saki sinadarin da ke kwantar da ƙaiƙayin son taba. Hasken ba ya ƙuna, ba ya zafi, kuma likitoci na amfani da irinsa wajen rage gyambon baki ga masu jinyar ciwon daji. Amma don abu ya yi aiki a kan gyambo ba ya nufin zai kashe jarabar nikotin, wato gubar cikin taba mai sa kamu, wadda ke isa ƙwaƙwalwa cikin daƙiƙoƙi kaɗan da zuƙar farko, sau ɗaruruwa a rana, shekara da shekaru.

An gwada kuwa. Ƙungiyar Cochrane, wadda aikinta shi ne tattara binciken likitanci ta tace, ta duba bincike 38 a 2014 a kan allurar Sinawa da danna kunne da leza da makamantansu. Abin da ta gano shi ne babu hujja tsayayya da ke nuna suna sa mutum ya bar taba har wata shida ko fiye. Wata shidan nan shi ne zuciyar maganar. Duk mashayi ya san ana iya haƙuri na ɗan lokaci. Mu da muke azumi mun fi kowa sani: daga asuba zuwa magariba ba kara ko ɗaya, amma ana shan ruwa, hannu ya kai aljihu kafin ma a gama kunu. Barin kwana uku ba shi ne bari ba. A Amurka ma, tun 2006 wata ƙungiyar kare masu saye mai suna Public Citizen ta kai ƙarar kamfanoni biyar gaban hukumar abinci da magunguna ta ƙasar, saboda suna tallata leza a matsayin maganin barin taba alhali hukumar ba ta amince da ita don wannan aiki ba.

Na san wani zai ce, ai ga wane an yi masa kuma ya bari. Na yarda, kuma ina taya shi murna da zuciya ɗaya. Amma a duba abin da ya yi ranar. Ya tsayar da rana. Ya fitar da kuɗi masu ciwo. Ya sanar da iyalinsa. Ya zauna kusan awa guda da wani yana ba shi shawara yana ƙarfafa masa guiwa. Waɗannan duk suna taimakawa, da haske da babu. Shi ya sa a binciken ƙwarai ake haska wa wasu na'urar gaske, wasu kuma ta bogi, ba tare da sun sani ba, sannan a ƙirga bayan watanni. Idan mai shago ya faɗa maka yawan waɗanda suka dace a hannunsa, tambaye shi wa ya ƙirga, bayan wata nawa, kuma waɗanda ba su ɗaga waya ba a wane ɓangare ya sa su.

Asarar kuɗi ba ita ta fi damuna ba. Abin da nake tsoro shi ne mutumin da zai koma wa sigari bayan sati biyu ya ce a ransa, har leza aka yi mini ban bari ba, ni kam tawa ta ƙare. Na ga irin wannan karayar, ni ma sau huɗu na koma kafin na biyar ta tsaya. Mutum ya ɗora wa kansa laifin da na na'ura ne, ya ƙara shekara biyar bai sake gwadawa ba, a kan abin da ke kashe fiye da mutum miliyan 7 a duniya duk shekara.

Alhali ga abin da aka tabbatar. A watan Yulin 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagorarta ta farko kan taimaka wa manya su bar taba, ta lissafa filasta da cingam na nikotin, da ƙwayoyin varenicline da bupropion da cytisine, tare da shawarar ma'aikacin lafiya. Filasta ko cingam kaɗai na ƙara damar bari da kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari, kuma haɗa magani da shawara ya fi kowanne shi kaɗai. Masu cewa ai filastar ma nikotin ce, gaskiya ne, amma yawancin guba tana cikin hayaƙin da ake ƙonawa ne. Ƙwayoyin kuwa sai da likita, musamman ga mai juna biyu ko mai wata jinya. Babu wanda zai cire maka wahalar gaba ɗaya. Satin farko ne mafi tsanani, da fushi da rashin barci da ciwon kai, sannan ya riƙa sauka cikin makonni biyu zuwa huɗu.

Shi ƙanin namu na ce masa ya riƙe kuɗinsa ya sayi kayan jaririya, ya je shirin taimakon barin taba na gwamnatin ƙasar da yake, tunda kyauta ne. Ya ce ranar Litinin zai je. Na sa a wayata in kira shi ranar Laraba da dare, don a nawa barin, kwana na uku ne na fi buƙatar a kira ni.